Jegon da Ba Shi da Arba'in

A ƙasar Hausa babu wanda ake kula da cikinsa kamar mai jego. Daga ranar da ta sauka, kwanonta ya fita daga cikin na jama'a. Kununta daban ake dama mata, namanta daban ake gasa mata, tuwonta ba ya kwana, ruwan shanta kuwa sai ya hau wuta. Akwai kuma tsohuwar da ake ajiyewa a kanta, ko uwa, ko gwaggo, ko kaka, wadda ba ta da wani aiki sai leƙa duk kwanon da aka shigo da shi ɗakin. In 'yar barka ta zo da kwaɗon zogale ko fura mai sanyi, tsohuwa za ta karɓa hannu bibbiyu, ta sa albarka, ta ce, "An gode, 'yar nan, amma mai jego ba ta cin wannan," ta miƙa wa yara. Ba a taɓa jin zumunci ya ɓaci a kan haka ba. Wadda ta kawo ma ita ce za ta ce, "Af, na sha'afa, Gwaggo."

To, akwai wani mutum a cikinmu yanzu da yake bukatar irin wannan gata, amma al'ada ba ta riga ta san da zamansa ba. Shi ne wanda aka yi wa dashen wani sashe na jiki, wanda a ƙasar nan kusan kullum ƙoda ce. Kakanninmu ba su san irinsa ba. Sai a shekarar 2000 aka fara dashen ƙoda a Nijeriya, a asibitin St. Nicholas da ke Legas. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010, sannan asibitoci masu zaman kansu a Abuja suka shigo, ban da ɗimbin waɗanda suka je Indiya aka yi musu suka dawo. Yau a Minna sai ka yi sahu ɗaya da irin wannan mutum a masallacin unguwa a Tudun Wada ba ka sani ba. Ya rabu da injin wankin ƙoda, kumburin ƙafa ya sauka, fuska ta washe, ya koma ofis ko shagonsa a Kasuwar Kure. Komawa harka kuwa komawa cin abincin waje ne, don wanda ya fita da safe ba zai dawo ba sai magariba, ba iska zai sha ba.

Abin da ya raba cikinsa da na abokin cinsa ba ƙodar ba ce, maganin ne. Jikin ɗan Adam ya san nasa, ya san bare. Da zarar an dasa masa tsokar wani, garkuwar jiki za ta far mata kamar yadda take far wa ƙwayar cuta, ko da daga wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya aka samo ta. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda likita Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a watan Disamban 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, inda jiki bai ga baƙon abu ba. Sauran mutane sai da suka dogara da magungunan danne garkuwar jiki, waɗanda suka yi ƙarfi sosai da zuwan saikulosforin a farkon shekarun 1980, da takrolimus a bayansa. A yau yawancin masu dashen ƙoda magani uku suke sha: takrolimus, da maikofenolet, da firednisolon. Suna sha safe da dare, muddin ƙodar tana jikinsu.

Maganin nan ba ya zaɓe. Yadda ya hana jiki taɓa sabuwar ƙoda, haka ya rage masa ƙarfin tunkarar ƙwayar taifot da ta kwalara da sauran abubuwan da ke shiga ta baki. Abincin da zai sa maƙwabcinka ya yi murɗar ciki na yini ɗaya ya miƙe, shi zai kwantar da mai dashe a gadon asibiti. Gudawa ma kaɗai ta ishe shi masifa, domin ta uku take zo masa. Tana zuƙe ruwan jiki, alhali ƙoda ɗaya tal ke aiki, kuma ba ta jure ƙishirwa. Tana sa takrolimus ya taru a jini fiye da kima, yawansa kuwa dafi ne ga ita ƙodar da yake karewa. In amai ya biyo baya, ƙwayar da aka haɗiya ta fito, garkuwar jiki ta sami sarari ta juyo kan ƙodar. Ga shi kuma a inda muke zaune abin ba wasa ba ne. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci ke kwantarwa duk shekara, 420,000 su rasu, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowa ɗaukar nauyin: miliyan 91 na rashin lafiya, 137,000 na mutuwa.

Duk da haka ba kulle ake nema ba. Mai jego ma ba a tsare ta har abada. Tana da kwanakinta na zaman ɗaki, sannan ta yi kwalliya ta ɗauki jariri ta shiga dangi yawon arba'in. Mai dashe shi ma yana da nasa zaman ɗakin, watannin farko bayan aiki, lokacin da maganin yake kan ganiyarsa kuma jiki ya fi rauni. A wannan tsakanin likitoci kan ce a tsaya ga girkin gida kawai. Wasu asibitoci makonni suke yankawa, wasu wata uku, wasu har shida, kuma likitan da ya san jinin mutum shi ke da ikon cewa ya isa. In an taɓa ƙara masa magani saboda jiki ya so ƙin ƙodar, to zaman ɗaki ya dawo sabo. Bayan nan sai fita, kuma a nan ne ilimin tsofaffi yake da rana.

Duk dokokin jego in ka tattara su, kansu ɗaya ne: zafi. Tsofaffi sanyi suke cewa suna gudu, kada ya shigi mai haihuwa. Ba su san ƙwayar cuta ba, amma abin da suke yi yana kashe ta. Masana lafiya sun zo sun sa wa abin lamba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Abincin da tsakiyarsa ta kai digiri 70 ya kuɓuta daga kusan dukkansu. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Wanda ya san Minna a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dosar digiri 40, ya san cewa rabin shekara a ƙarƙashin dokar awa ɗaya muke. Babu mai yawo da ma'auni a aljihu, kuma ba a bukata. Ido ya isa: in tururi ba ya tashi daga tsakiyar abinci, ba naka ba ne.

Wannan ita ce ke sauya yadda ake zaɓen wurin cin abinci. Mutane kan ɗauka cewa inda aka sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki ya fi rumfar Hajiya mai tuwo aminci. Ba lallai ba ne. Shinkafar da aka soya tun hantsi aka jera a akwatin gilashi, ƙwan fitila yana ɗan ɗumama ta har la'asar, ta zauna daidai inda ƙwayoyin cuta suke so. Shinkafa ma tana da nata makirci, don akwai wata ƙwaya da ke tsira daga dafuwa, in shinkafar ta huce ta daɗe sai ta zuba mata dafi, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafin. Ita kuwa Hajiya da tukunyar miyarta ke kan garwashi tana ɓararraka, ana kirɓa sakwara a gabanka da doyar Gwari, ana kwashe tuwon shinkafa ana mulmulawa, layi ya kai bakin titi, abincinta ba ya samun damar tsufa. Saboda haka mai dashe ya nemi inda ake cinkoso, ya kuma je da wuri, a sahun farko na abincin rana, ba ƙarfe huɗu ba lokacin da ake kankare gindin kula. Ya duba hannun mai zubawa: shin hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗaukar nama? Ya duba ƙuda, ya duba ruwan da ake ɗauraye kwanuka. In zai iya, ya zo da kwanonsa da cokalinsa, kamar yadda ba a haɗa wa mai jego kwano da kowa.

Sai abin da ake ɗorawa bayan an sauke daga wuta, wanda shi ne ya fi cin mutane. Shinkafa ta fito da zafinta, sai a ɗebo yankakken kabeji da karas da latas a ɗora a gefe, a tsiyaya mayonis. Ganyen nan ba ka san da ruwan da aka yi masa ban-ruwa ba, ba ka san da wanda aka wanke shi ba, ba ka san tun yaushe aka yanka shi ba. Haka abin yake da shawarma, haka yake da kwaɗon rama da na zogale da aka haɗa da hannu tun safe. Magana ɗaya ce take raba gardama: "Hajiya, a zuba mini daga kan wuta, kada a sa ganye."

A tsaya gaban mai tsire da daddare a Tunga ko wajen Mobil a kalli aikinsa da kyau. Tsinkayen da ya gasa tun la'asar suna jere a gefe, an lulluɓe su da takarda. In ka ce a ba ka na dubu, sai ya ɗauko uku ya ɗan kara su a wuta, ya shafa mai, ya juya sau ɗaya. Bayansu ya yi zafi, cikinsu na nan yadda yake. Ya zare su a kan katakon da ɗazu ya yanka ɗanyen nama, da wuƙar nan dai. Ya yanka albasa da tumatir ɗanye ya watsa, ya ɗebo yaji da yatsu daga kwanon da ke buɗe tun rana, ya naɗe a tsohuwar jarida. Wuta ta gama aikinta tun tuni, duk abin da ya biyo bayanta sabon haɗari ne. Mai dashe ba sai ya haƙura da tsire ba. Sai dai ya ce, "Malam, ɗora mini sabo, zan jira. A bar shi ya gasu har ciki, a barbaɗa yajin tun yana kan wuta, albasar ma a gasa ta." Ya karɓa a tsinkensa ko a kwanonsa. Balangun da aka yanka aka ga ja ko ruwan jini a tsakiya a mayar da shi wuta, domin naman da bai nuna ba yana ɗauke da ƙwayoyin da kan yi wa mai raunin garkuwa mummunar illa har a ƙwaƙwalwa. Hanta da kayan ciki sun fi bukatar wannan. Kilishi kuwa ɗanyen nama ne da aka shanya a rana, aka tsoma a labu, aka sake shanyawa, aka ɗan nuna wa wuta, sannan ya yi kwanaki yana jiran mai saye. A bar shi a watannin farko, daga baya a tambayi likita. Farfesun da ke tafasa a tukunya ya fi su duka kwanciyar hankali.

Abin sha ya fi abin ci wuya, saboda shi da sanyinsa ake son sa. Fura da nono ita ce ta farko da mai dashe zai yi wa sallama a waje. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi. Ko mai nonon ta tafasa kafin ta kafa kindirmo, akwai ruwan da aka tsinka shi da shi, akwai ludayi da ƙwaryar da ake ɗaurayewa a ruwa ɗaya tun safe. Kunun aya ba ya ganin wuta sam, daga jiƙo sai niƙa sai tata. Zoɓo ana tafasa shi, amma da ruwan sanyi ake ƙara shi, kuma a gorunan da aka tsinto aka wanke ake ɗura shi. Ƙanƙara kuwa ruwan da aka yi ta da shi ce, daskarewa ba ta kashe komai. Ba a manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma ruwa ne babbar hanyarta. Akwai ma wata ƙwaya mai sa gudawa mai tsawo ga masu dashe wadda sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashewa, sai tafasa. Saboda haka ruwan gida a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a waje kuma a sha na gora da aka buɗe murfinsa a gabanka, mai lambar hukumar NAFDAC. Duk abin nan da aka lissafa ana iya yin sa a gida da tafasasshen ruwa da madarar gari ko yogot na kamfani, a sha a ranar. Ba fura aka hana ba, furar da ba ka ga damunta ba ce.

Firji ma ba waliyyi ba ne. Akwai ƙwayar da ake kira listeriya wadda ke ci gaba da yaɗuwa cikin sanyin firji, kuma masu ciki da jarirai da masu raunin garkuwa take nema. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, ta kama sama da mutum 1,000 ta hanyar sarrafaffen naman da ake ci ba tare da an sake dafawa ba, fiye da 200 suka rasu. Mu kuma a jihar da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kowa ya san wuta takan zo ta tafi. Abin da ya daskare ya narke ya sake daskarewa a firjin shago, sanyin da ka ji a hannu ba shaida ba ce.

Idan ana neman abokin mai dashe a titi, mai shayi ne. Ruwansa a kan wuta yake kwana, madararsa ta gari ce ko ta gwangwani, ƙwansa a gabanka yake fasawa. Abu biyu kawai za a roƙe shi: ya juya ƙwan har gwaiduwa ta daskare, ya kuma ɗauraye kofi da ruwan butarsa mai tafasa maimakon na bokiti. Bayansa sai masu suya: ƙosai, waina, awara, doya, muddin daga cikin mai aka tsamo maka, ba daga tiren da kowa ke sa hannu yana zaɓe ba. Gasasshiyar masara da ta sauko yanzu lafiya lau. 'Ya'yan itace kuwa, wanda za ka ɓare da kanka shi ne naka, ayaba da lemon zaƙi. Kankana da abarba da gwanda da aka yanyanka aka ƙulla a leda, a saya da ɓawonsu a kai gida a wanke a yanka.

Wannan lissafi ya fi amfani a kan hanya. Mai dashe a Minna ba ya rabuwa da tafiya, don a Abuja ko Kano ake duba shi a auna yawan maganin da ke jininsa. Mota za ta tsaya a Lambata ko mahaɗar Dikko ko Suleja, masu talla su yanyame taga da dafaffen ƙwai da soyayyen kifi da nama a tire, babu wanda ya san awa nawa suka yi a rana. Guzuri daga gida a fulas, da burodi a ledarsa, da ruwan gora, sun raba shi da wannan caca. Maganinsa kuma ya kasance a aljihunsa, ba a jakar da ke but ba, domin takrolimus na safe da dare awa 12 ake so tsakaninsu, kuma go-sulo bai san da haka ba.

Amma fa ba duk kayan jego ne za a kwaso ba. Wasu daga cikinsu ita mai jegon ma cutar ta suke yi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke kumbura ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai dashe ya fi kowa bukatar jin wannan, domin magungunansa da kansu suna hawar da jini, suna kuma hawar da sukari. Miyar gidan abinci da aka cika wa gishiri da ɗanɗano, da lemon kwalba a kan kowane cin abinci, ba za su kwantar da shi yau ba, amma suna cin ƙodar a hankali. Haka kuma jiƙe-jiƙe. Mai jego ana dafa mata ganyaye da saiwoyi, mai dashe kuwa ba ya kai kowane tsimi ko sassaƙe ko maganin basir na mai lasifika bakinsa sai likitansa ya sani, don wani ganyen yana rage ƙarfin maganin dashe, wani yana ninka shi. Ko cikin 'ya'yan itace akwai wanda aka haramta masa ɗungurungum: garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci. Yana toshe hanyar da hanji ke bi wajen rage takrolimus da saikulosforin, sai maganin ya yi ambaliya a jini. Masu bincike a Kanada ne suka gano wannan hali nasa a 1989. Duk haɗin lemon da aka matse a gidan abinci ko otal, in ba a faɗa maka abin da ke ciki ba, a bar shi.

Babban bambancin kuwa shi ne, mai jego tana ƙirga kwanaki. Ran arba'in za a yi wankan ƙarshe, tsohuwa ta ɗaure kayanta ta koma gida, kwano ya koma cikin na jama'a. Mai dashe ana rage masa magani, ana sassauta masa doka, amma ba a sallamarsa. Shekara goma bayan aiki garkuwarsa tana nan a danne. Haɗarin ma ya fi yawa a lokacin da ya ji garau, ya yi ƙiba, ya fara mantawa.

In kuma an yi rashin sa'a, saurin kai kai asibiti shi ne magani. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, gudawar da ta wuce yini, aman da ya hana ƙwaya zama, fitsarin da ya ragu, ciwo a ƙasan mara inda aka dasa ƙodar, kowanne daga cikinsu ya isa a buga wa likitan dashe waya a kuma nufi Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga. Kalmar farko da za a faɗa wa ma'aikacin jinya ita ce an yi wa mutumin nan dashen ƙoda, ga sunayen magungunansa. Kada a jira jiki ya yi zafi rau, domin firednisolon yana ɓoye zazzaɓi. A riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari a hanya. Abin da ba a yi shi ne tsayawa a kemis a ce a haɗa maka na ciwon ciki. Ibufurofen da daikulofenak suna cutar da ƙoda, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su eritromaisin suna tayar da takrolimus sama. Ba a kuma dakatar da maganin dashe da ka, ko na yini ɗaya.

Duk wannan mai sauƙi ne a gidan abinci, inda kuɗinka ne ke magana. Inda gizo ke saƙa shi ne taron biki da suna da walima. Shinkafar taro da asuba ake ɗora ta, a zuba a robobi da hantsi, a loda a buhu, a raba bayan la'asar. Ga babban tire da mutum shida za su sa hannu, ga kwano ɗaya na wanke hannu da ya zagaya kowa. Sai mai gida ya taso da kansa, ya dafa kafaɗarka, ya ce, "Haba Alhaji, ko loma ɗaya ba za ka yi ba? Abincinmu ne ba ka ci?" A nan ne kara take kashe mutum. Mai jego ba ta shiga wannan tsaka mai wuya, saboda kowa ya san halin da take ciki kuma akwai mai magana a madadinta. Mai dashe sau da yawa ɓoye lalurarsa yake yi, ba ya son a riƙa kallonsa a matsayin majinyaci, sai ya ci don kunya.

Maganin wannan ba a kemis yake ba. Mutum ya ci ya ƙoshi a gida kafin ya tafi taro. Ya karɓi robarsa da godiya ya tafi da ita, yara su ci. Ya sami jimla ɗaya da ba ta da tsawo ya riƙe: "Wallahi likita ne ya sa mini doka, Yaya, amma a ba ni shayi in akwai." Ya fi kyau kuma makusanta su sani, mata da 'yan'uwa da abokai biyu ko uku na majalisa, don in aka matsa masa wani ya ce, "Ku ƙyale shi, an yi masa aiki, ba ya cin abin da ya huce." Mai tuwo da mai shayin da yake zuwa wurinsu kullum ma ya gaya musu gaskiya sau ɗaya. Masu sana'ar abinci suna da amana in aka ba su ita, gobe da kansu za su ce, "Dakata, Malam, sabuwar miya na sauka yanzu."

Mu masu gayyata kuma abin da ake nema a wurinmu bai taka kara ya karya ba: mu kwashe masa nasa daga tukunya lokacin da ake saukewa, ko mu bar shi ya tashi bai ci ba, ba tare da gori ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, don haka ƙodar da ke cikin mutumin nan, a bisa ƙa'ida, kyauta ce. Galibi ƙani ne ko ƙanwa ko ɗa ya kwanta aka yanka shi lafiyarsa ƙalau, ya tashi da ƙoda ɗaya. Sau da yawa an sayar da fili ko gona, dangi sun yi karo-karo, kuma har gobe ana sayen magani duk wata. Wanda ya ture farantinka a wurin biki ba girman kai yake yi ba, amanar ɗan'uwansa yake tsarewa, kuma bai kamata sai ya ba ka haƙuri a kan haka ba.